Rassan Jijiyoyin Saƙo a Jikin Ɗan'adam: Rabe-rabensu da Ayyukansu

Gabatarwa

Kalmar jijiya tana daga cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya fiye da ƙima. Idan ma'aikaciyar asibiti ta ɗaure hannun majinyaci tana laluben inda za ta ɗebi jini, jijiya take nema. Idan mahauci ya ce nama ya cika jijiya, yana nufin farin abin nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara. Manomi ma yakan kira saiwar itace jijiya. Akwai kuma ta huɗu, wadda ba ta ɗauke da jini, ba ta kuma ɗaure komai, aikinta kawai kai saƙo da kawo shi. Malamin da zai koyar da sassan jiki da Hausa, in bai raba waɗannan ba tun farko, yara za su tashi da zaton cewa jini ne yake kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi. Saboda haka a wannan babi za a riƙa kiran ta huɗun jijiyar saƙo.

Tsarin saƙonni na jiki ya kasu gida biyu. Akwai cibiya, wato ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda suke a killace cikin ƙoƙon kai da ƙashin baya. Akwai kuma rassa, wato dukkan jijiyoyin saƙon da suka fito daga cibiyar suka bazu cikin jiki har zuwa kan yatsu. Ana iya kwatanta cibiyar da fada, rassan kuma da jakadun da ke kai umarni ƙasa, su kuma komo da rahoto. Sarkin da ba shi da jakada bai san abin da ƙasarsa take ciki ba, maganarsa kuma ba ta wuce zaure. A kan waɗannan rassa ne babin zai yi magana.

Yadda jijiyar saƙo take

Jijiyar saƙo ɗaya, idan aka yanka ta aka duba, takan yi kama da igiyar rama, domin zaruruwa ne dubbai aka ɗaure wuri guda. Kowane zare jela ce ta wata ƙwayar halitta da ake kira niyuron. Gangar jikin ƙwayar takan kasance a cikin laka ko a kusa da ita, jelar kuwa tana iya yin tsawo ƙwarai. Wadda ta tashi daga ƙasan baya zuwa babban yatsan ƙafa takan kai kimanin mita 1 a jikin baligi.

Saƙon da ke bin zaren wani ɗan motsi ne irin na lantarki. Wasu zaruruwan suna sanye da rigar kitse mai suna mayelin, kuma a cikinsu saƙo yana iya gudun mita 120 a daƙiƙa guda. Waɗanda ba su da rigar ba su cika wuce mita 1 ko 2 ba. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan fara jin wani zafi mai tsini nan take, sannan bayan ɗan lokaci raɗaɗi mai nauyi ya biyo baya. Saƙonni biyu ne suka tashi tare, ɗaya ya riga ɗaya isa. Idan saƙo ya kai ƙarshen zare, ba ya tsallakawa da kansa. Zaren yakan fesa wani sinadari a ɗan gibin da ke tsakaninsa da tsoka ko ƙwaya ta gaba, sinadarin ne yake isar da magana. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan batu, domin za a komo kansa.

Rassa suna da wata baiwa da cibiya ba ta da ita, wato suna iya sake tsirowa. Alal misali, mai saran rake a fadamun Makarfi da adda ta yanke wa jijiyar saƙo a wuyan hannu, in likita ya ɗinke ta da wuri, zaruruwan sukan tsiro da kimanin milimita 1 a kowace rana. Tazarar santimita 15 zuwa yatsu ke nan za ta ci wata biyar ko fiye, kuma ba kullum hannun yake komawa daidai yadda yake ba. Laka kuwa in ta tsinke ba ta haɗewa.

Rabuwa ta fuskar mafita

Idan aka dubi inda jijiyoyin suka fito, za a same su iri biyu, kuma dukkansu tagwaye suke fitowa, ɗaya dama ɗaya hagu. Tagwaye 12 suna fitowa daga ƙwaƙwalwa ta wasu ƙananan ƙofofi na ƙoƙon kai. Su ne suke kula da sansana da gani da juya ido da ji da ɗanɗano da tauna da haɗiya da motsin harshe. (Masana da yawa suna ɗaukar jijiyar gani a matsayin wani yanki na ƙwaƙwalwa da ya miƙo waje, amma a ƙirga ana sa ta cikin goma sha biyun.) Ta bakwai ita ce mai motsa fuska. Idan ta kumbura, mutum yakan wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, abin da akan jingina wa iska, alhali mafi yawan masu wannan lalura suna warwarewa cikin makonni ko 'yan watanni. Sai dai karkacewar baki da ta zo tare da mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana, wannan daga ƙwaƙwalwa take, kuma asibiti ake nufa da ita ba tare da jinkiri ba. Ta goma kuwa, wadda ake kira bagus, ita ce matafiyar cikinsu. Ta gangaro ta wuya ta ratsa ƙirji, ta ba zuciya da huhu reshe, ta zarce har tumbi da hanji.

Sauran tagwaye 31 daga laka suke fitowa, ta tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya: 8 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a ƙashin da ke tsakiyar kwankwaso, 1 a ƙashin wutsiya. Jimilla tagwaye 43 ke nan. Bayan sun fito, wasunsu sukan sarƙe da juna kamar saƙar faifai, sannan su sake rabuwa su nufi hannu ko ƙafa. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi daga wuya ta samo asali, shi ya sa karayar wuya a haɗarin babur take iya tsayar da numfashi, shi ya sa kuma ba a ɗaga wanda ya faɗi a kan wuyansa yadda aka ga dama.

Wannan rabuwa ita ce mafi sauƙin haddacewa, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani ga malamin makaranta. Wadda ta fi ta muhimmanci ita ce ta gaba.

Rabuwa ta fuskar alƙiblar saƙo

Kowane zare hanya ɗaya yake bi. Masu kai rahoto suna ɗauko labari daga fata da tsoka da gaɓoɓi da kayan ciki su kai cibiya: zafi da sanyi da taɓi da ciwo, har da sanin inda hannu yake ko da an rufe ido. Masu kawo umarni kuma suna fitowa daga cibiya zuwa tsoka da ƙullutai masu fitar da ruwa, irin su na yawu da na gumi. A bakin laka kowane iri da ƙofarsa. Masu rahoto ta saiwar baya suke shiga, masu umarni ta saiwar gaba suke fita, sannan su haɗu su zama igiya ɗaya. Charles Bell, ɗan Sikotlan, ya fara hango wannan a 1811, François Magendie na Faransa ya tabbatar da shi ta hanyar gwaji a 1822.

Wani lokaci rahoto ba ya jiran ƙwaƙwalwa. Mai dafa mazarƙwaila da hannunsa ya taɓa gefen kasko yakan fizge hannun kafin ya san ya ƙone, domin laka ce ta karɓi rahoton ta mayar da umarni nan take, daga baya labari ya isa sama. A nan kwatancen fada ya ɗan canza: hakimi ne ya yanke hukunci, sannan ya aika wa sarki.

Cututtuka biyu da Hausawa suka daɗe da sani sun nuna wannan rabuwa fiye da kowane zane na allo. Ta farko ita ce shan-inna. Sunan ya samo asali ne daga imanin cewa wata iska mai suna Inna ce take shanye ƙafar yaro. Abin da yake faruwa shi ne, ƙwayar cutar foliyo tana shiga ta baki, daga ruwa ko abincin da bayan-gida ya gurɓata, a wasu yaran kuma ta kai ga laka ta kashe gangar jikin ƙwayoyin da ke aika umarni. Da gangar ta mutu, jelarta da ke cikin jijiyar ƙafa sai ta lalace, tsoka ta daina samun umarni, ta saki, ta rame. Amma in aka mintsini ƙafar yaron zai ji, domin masu kai rahoto suna nan lafiya. Kimanin yaro 1 cikin 200 da suka kamu ne yake samun shanyewar da ba ta warkewa. A 2003 an dakatar da allurar rigakafin cutar a wasu jihohin Arewa, musamman Kano, saboda zargin da ya yaɗu a kanta, ba a koma ba sai a 2004, kuma kafin a shawo kan lamarin ƙwayar ta tsallaka har Yemen da Indunusiya. An ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a Nijeriya a Jihar Barno a 2016, sannan a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Duk da haka akwai wani nau'in da yake ɓulla a wuraren da rigakafi ya yi ƙaranci, shi ya sa ba a daina ɗiga wa yara maganin ba.

Ta biyu ita ce kuturta, wadda ta fi fara taɓa ɓangaren rahoto. Ƙwayar da ke jawo ta, wadda likita Armauer Hansen ya gano a Nowe a 1873, tana son wurare masu sanyi na jiki, don haka take zama a fata da jijiyoyin saƙon da ke kusa da fata. Alamarta ta farko ba ta da ban tsoro ko kaɗan: wani tabo ne da ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, in an shafa shi da auduga mutum ba ya ji. In aka bar ta, sai ta kama jijiyar bayan gwiwar hannu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su daina ji, daga baya su lanƙwashe. Ta kama ta gefen gwiwa, ƙafa ta riƙa ja. Ta kama ta bayan idon sawu, tafin ƙafa ya mutu.

A nan akwai kuskuren da ya kamata malami ya gyara, domin har cikin karin magana ya shiga. Ana zaton cutar ce take cinye yatsu. Binciken likita Paul Brand a Indiya ya nuna cewa mafi yawan ɓarnar daga rashin jin ciwo take. Mace ta ɗauki tukunya mai zafi ba ta sani ba. Manomi ya wuni da ƙaya a tafin ƙafa yana takawa. Gyambo ya kafu, ya ci har ƙashi, a hankali yatsa ya gajarce. Wato ciwo, wanda kowa yake gudu, shi ne mai gadin jiki. Kuturta tana warkewa da haɗin magunguna uku da ake sha wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Amma magani ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya mayar da jijiyar da ta daɗe da mutuwa. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana Saye, kusa da Zariya, ba nisa da Kudan. Abin da ya fi hana mutane zuwa da wuri shi ne kunya da tsoron ƙyama.

Rabuwa ta fuskar iko

Umarnin da ke fita daga cibiya iri biyu ne. Akwai na ganin-dama, wanda yake zuwa tsokokin da ke manne da ƙashi. Da shi ake tafiya da rubutu da magana. Akwai kuma na sashe mai sarrafa kansa, wanda yake kula da zuciya da jijiyoyin jini da huhu da hanji da mafitsara da gumi, ba tare da mutum ya sa baki ba. John Langley na Jami'ar Kambirij ne ya raɗa wa wannan sashe suna a 1898. Da a ce sai mutum ya tuna kafin zuciyarsa ta buga, da ba wanda zai yi barci.

Sashe mai sarrafa kansa yana da manyan rassa biyu. Na farko shi ne reshen ko-ta-kwana, wanda masana ke kira simfatetik. Yana fitowa daga lakar ƙirji da saman ƙugu. Yaron da ya tarar da maciji a kunyar dankali, zuciyarsa za ta tsananta bugu, ƙofar da haske ke shiga a tsakiyar baƙin idonsa ta buɗe, hanyoyin iska su saki, bakinsa ya bushe, jini ya bar hanji ya koma tsoka, hanta ta zuba sukari cikin jini. Duk wannan ya faru kafin ya yanke shawarar gudu. Ɗalibin da ya tsaya gaban aji ranar farko ta gwajin koyarwa, tafin hannunsa na gumi, yawu ya ƙafe masa, aikin wannan reshe yake gani. Na biyu shi ne reshen natsuwa, wato farasimfatetik, wanda yake fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa da can ƙasan laka, jijiyar bagus ce kuma babbar hanyarsa. Shi yake rage bugun zuciya, ya tsuke ƙofar ido, ya kawo yawu, ya motsa hanji, ya saki fitsari. Kuskure ne a koya wa yara cewa in ɗaya yana aiki ɗayan barci yake. Dukkansu a farke suke kullum, kamar linzami biyu a hannun mahayi, ana jan wannan ana sassauta wancan. Ban da su akwai wata saƙa ta ƙwayoyi fiye da miliyan 100 a jikin bangon hanji, wadda take iya tura abinci gaba ko da an raba ta da cibiya.

A 1921 Otto Loewi, a birnin Giraz na Ostiriya, ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu. Ya zuga jijiyar bagus ta ɗaya har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage bugu. Wannan ya tabbatar da cewa sinadari ne jijiya take fesawa. Sinadarin shi ne asetilkolin, kuma da zarar ya isar da saƙo akwai wani mai share shi nan take domin hanya ta buɗe.

Wannan bayani ya shafi Taba da sauran garuruwan noman rani na Kudan da Makarfi da Ikara kai tsaye. Da yawa daga magungunan ƙwarin da ake fesa wa tumatir da barkono da wake, irin su dikulobos, aikinsu shi ne hana wancan mai shara aiki. Haka suke kashe ƙwaro, haka kuma suke yi wa mutum in ya haɗiye su, ko ya shaƙa, ko suka jiƙa masa riga, domin suna ratsa fata. Asetilkolin sai ya taru, saƙo ya ƙi yankewa. Yawu ya yi ta dalala, hawaye da gumi su zubo, ƙofar ido ta tsuke kamar bakin allura, ga amai da zawo, tsoka tana rawa, huhu kuma ya cika da majina. Abin da yake kisa shi ne tsayawar numfashi. Ba a ɗura wa irin wannan mutum manja ko madara, ba a kuma sa shi amai. Ana cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Zaƙami kishiyar wannan yake yi. Sinadaran da ke cikinsa suna toshe wuraren da asetilkolin yake sauka a reshen natsuwa, don haka saurayin da aka zuba wa shi a abin sha bakinsa yakan bushe, ƙofar idonsa ta wangale, fatarsa ta yi zafi ba gumi, zuciya ta yi ta gudu, fitsari ya ƙi fita, hankali ya gushe. Atirofin, allurar da likita yake yi wa wanda maganin ƙwari ya kama, dangin waɗannan sinadarai ce. Wannan ba ya nufin a ba shi zaƙami a gida. Likita awo yake yi yana duban ƙirji da bugun zuciya, ganye kuwa ba wanda ya san yawan abin da ke cikinsa.

Abin da malami zai lura da shi a aji

Babbar jijiyar saƙo a jiki duka ita ce wadda ta ratsa ɗuwawu ta gangara bayan cinya, kaurinta a wurin baligi ya kusa na babban yatsa. Zama a kanta da daɗewa shi yake kawo minjirya, wadda take wucewa da an miƙe. Allurar da wanda bai ƙware ba ya soka a tsakiyar ɗuwawun yaro kuwa tana iya samun ta. Yaron yakan yi ƙara nan take, daga baya a ga yana jan ƙafa, ba ya iya ɗaga yatsunta sama. Sau da yawa akan ce shan-inna ce. Bambancin shi ne, wannan ta biyo bayan allura, a ƙafar da aka yi allurar, kuma galibi da rashin ji a bayan sawu, domin igiyar duka aka raunata, da masu rahoto da masu umarni. Saboda haka ne ma'aikatan lafiya suke yi wa jarirai allura a gefen cinya.

Ba aikin malami ba ne ya faɗi sunan cuta. Amma yaro yana wuni a gabansa kwana biyar a mako, yana ganin yadda yake riƙe fensir da yadda yake gudu a filin wasa. Tambayoyi uku sun ishe shi: yaron yana ji, yana iya motsawa, yaushe abin ya fara. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ƙa'ida ita ce a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, domin ana son ɗaukar bayan-gidansa sau biyu cikin kwana 14 a gwada. Yaron da aka ga tabo mai haske a jikinsa kuma, ba a gwada shi a gaban 'yan aji, ba a kuma ambaci kuturta. Malami yakan sami mahaifinsa a keɓe, ya ce: "Malam, na ga wani tabo a bayan yaron nan, ina ganin ya kamata a kai shi asibiti a duba." Yawancin irin waɗannan tabo makero ne ko wani ciwon fata mai sauƙi, ma'aikacin lafiya ne zai bambance.

Jinga

1. Kawo ma'anoni huɗu na kalmar jijiya, ka sa kowace a cikin jimla yadda ɗan aji huɗu na firamare zai bambance su.

2. Yara biyu suna jan ƙafar hagu. Ɗaya yana ji in an taɓa bayan sawunsa, ɗaya ba ya ji. Bayyana abin da ake zaton ya sami kowannensu ta fuskar masu kai rahoto da masu kawo umarni.

3. A wannan babi an yi amfani da reshen ko-ta-kwana da reshen natsuwa. Tattauna dacewar waɗannan sunaye, ka kawo waɗanda kake ganin sun fi su, tare da hujja.

4. Tsara darasi na minti 35 a kan hatsarin maganin feshi domin makarantar da mafi yawan iyayen yaranta manoman tumatir ne.